Asirin da Ke Cikin Agogon Tumatir

A ƙarshen shekarun 1980 an yi wani ɗalibin jami'a a birnin Rum na ƙasar Italiya, sunansa Francesco Cirillo, wanda karatu ya gagara ba don rashin ƙwaƙwalwa ba. Jarrabawa na ƙaratowa, ga littafi a buɗe, ga lokaci isasshe, amma yini zai wuce bai iya nuna abin da ya shiga kansa ba. Wata rana ya shiga kicin ya ɗauko ɗan agogon da ake auna lokacin girki da shi, irin wanda ake murɗawa ya yi ta ƙas-ƙas har ya buga ƙararrawa. Ja ne, mai siffar tumatir. Ya murɗa shi zuwa 'yan mintuna, ya yi wa kansa alkawarin ba zai ɗaga kai daga littafin ba sai ya ji ƙara. Daga nan aka samu tsarin da duniya ta sani da sunan Pomodoro, wato tumatir da Italiyanci: aiki ɗaya tak na minti 25, hutun minti 5, in an yi zango huɗu a huta minti 15 zuwa 30.

Fiye da shekara 100 kafin haka, a Ingila, akwai wani ma'aikacin gidan waya mai suna Anthony Trollope. Ya kama aiki a 1834 yana ƙaramin akawu, bai ajiye ba sai 1867 yana babban jami'i, kuma shi ya ba da shawarar kafa akwatunan jefa wasiƙa a bakin titi a ƙasar. Duk da wannan hidima, kafin mutuwarsa a 1882 ya rubuta littattafan ƙagaggun labarai 47, ban da na tafiye-tafiye da na tarihin mutane. A tarihin rayuwarsa da aka buga shekara guda bayan ya mutu ya bayyana yadda yake yi. Ƙarfe 5:30 na asuba yana kan tebur. Akwai wani tsohon baransa da yake ƙara wa fam 5 a shekara don kawai ya tashe shi ya kawo masa kofi. Rabin awar farko zai karanta abin da ya rubuta jiya. Daga nan sai ya ajiye agogonsa a gabansa, ya ɗora wa kansa kalma 250 a kowane minti 15, har awa 3 ta cika, sannan ya shirya ya tafi ofis.

Zamaninsu daban, ƙasarsu daban, ɗaya ɗalibin da ya kusa sarewa, ɗaya marubucin da alƙalaminsa ba ya hutawa, amma kowanne da agogo a kan tebur. A nan kacici-kacicin yake. Agogo ba ya ƙara wa mutum basira, ba ya kuma ƙara wa yini ko minti ɗaya. Yau kowannenmu yana yawo da agogo a cikin waya, manhajojin Pomodoro kuwa ga su nan birjik, kyauta. Na san ɗalibai masu shirin JAMB da masu rubuta kundin digiri da ma'aikatan ofis da suka sauke irin wannan manhaja da zumuɗi, suka yi 'yan kwanaki suna yabonta, daga baya suka koma gidan jiya. In maganin a cikin agogon yake, me ya hana shi yi musu aiki? In kuma ba a cikinsa yake ba, to me waɗancan mutum biyu suka samu?

Zato na farko yakan faɗa kan lambar 25. Za ka ji ana cewa wai ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta riƙe abu fiye da minti 25, wai masana ne suka tabbatar. Maganar tana da ɗan tushe, tushen kuwa a fagen fama yake. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu rundunar sojan saman Birtaniya ta lura cewa ma'aikatan da ke zaune gaban na'urar radar a jiragen sintiri, suna farautar jiragen Jamus masu tafiya a ƙarƙashin teku, sukan bar alamu su wuce ba su gani ba, musamman in zama ya yi tsawo. Aka ba wani masanin halayyar ɗan Adam a Cambridge, Norman Mackworth, aikin gano dalili. Ya ƙera wani agogo marar lambobi mai hannu ɗaya, wanda ke ɗan tsalle sau ɗaya a kowane sakan. Jifa-jifa hannun yakan yi tsalle ninki biyu, aikin mai kallo shi ne ya danna maɓalli duk sanda ya ga haka. Awa 2 ake zama. Sakamakon da ya buga a 1948 ya nuna cewa bayan rabin awar farko kaifin idon mutane ya ragu da kashi 10 zuwa 15 cikin 100, daga nan ya ci gaba da raguwa sannu a hankali.

To ga rabin awa ta fito, dab da 25. Sai dai in an duba da kyau, shaidar ba ta hau kan maganarmu ba. Mackworth ya auna mutumin da ya zuba wa abu ido yana jiran abin da ba kasafai yake faruwa ba, aiki mai gundura wanda babu tunani a cikinsa. Mai karanta littafin da ya ja hankalinsa, ko tela mai yanka shadda mai tsada, yakan yi awa bai san ta wuce ba. Cirillo kuma ba daga ɗakin gwaji ya ɗauko lambarsa ba. Gwadawa ya yi ta yi, gajere da dogo, har ya tsaya a inda ya yi masa daidai, kuma shi da kansa ya rubuta cewa tsakanin minti 20 da 35 duk ya yi. Trollope ma ai da minti 15 yake awo. Lambar da za ta iya zama 15 ko 20 ko 35 ba ita ke riƙe da asirin ba.

Sai zato ya koma kan hutun, kuma wannan ya fi na farko ƙarfi. Mackworth kansa ya ga cewa in aka ba mai kallo hutu tsakanin zama da zama, idonsa yakan dawo kamar da. Har ɗan kiran tarho da aka yi wa wasu a tsakiyar gwajin ya farfaɗo da su na wani lokaci. A 2023 kuma Felicitas Biwer da abokan aikinta a Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan suka gwada tsarin kai tsaye a kan ɗalibai 87 da ke karatunsu na yau da kullum. Wasu aka yanka musu minti 24 na karatu da 6 na hutu, wasu 12 da 3, wasu kuma aka ce su huta duk lokacin da suka ga dama. Waɗanda aka bar wa zaɓi sun fi daɗewa kafin su tashi, in sun tashi kuma sun fi daɗewa kafin su dawo, kuma su ne suka fi kukan gajiya da rarrabuwar hankali da mutuwar jiki. Amma da aka zo kan yawan aikin da aka kammala, ba a ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba.

Mai gaggawa zai ce shi ke nan, tsarin bai ƙara komai ba. Ni kuwa a nan na ga sawun farko. Duka rukunonin uku sun huta, saboda haka ba hutu da rashinsa aka gwada ba. Abin da ya raba su shi ne wa ke yanke lokacin tashi. Ɗalibin da aka bar wa zaɓi, kowane minti akwai 'yar tambaya da ke yawo a ƙasan ransa: in tashi yanzu, ko in ƙara shafi ɗaya? Wanda agogo ke yanke wa hukunci an sauke masa wannan kaya. Mu riƙe wannan sawu, za mu buƙace shi a gaba.

Tunda neman abin da agogon ke ƙarawa bai kai mu gida ba, sai a juya tambayar: me yake hanawa? Ta ina lokacin ke zurarewa tun farko? Cikin waɗanda suka daɗe suna bin diddigin wannan sata akwai Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine. A farkon shekarun 2000 ita da Victor González suka shiga ofisoshi riƙe da agogon ƙidayar sakan, suna bin ma'aikata tun safe har tashi, suna rubuta duk motsin da mutum ya yi: ya buɗe imel, ya ɗaga waya, ya juya ya amsa wa abokin aiki, ya koma kan takarda. Suka samu cewa a matsakaici ma'aikaci yakan yi kamar minti 3 a kan abu guda kafin ya koma wani, kuma minti 11 zuwa 12 yake yi a kan babban aiki ɗaya kafin ya bar shi. In aka katse shi, aikin yakan jira kimanin minti 25 kafin ya dawo kansa, bayan ya ratsa ta wasu ayyuka kamar biyu. (Ga 25 ta sake leƙowa, amma katari ne kawai, Cirillo ya zaɓi tasa shekaru da dama kafin wannan bincike.) Da Mark ta ci gaba da awo, ta ga tsawon zaman ido a kan fuskar kwamfuta kafin a canza zuwa wani abu ya sauko daga kimanin sakan 150 a 2004 zuwa 75 a 2012, zuwa sakan 47 a ƙididdigar da ta kawo a littafinta na 2023.

Wannan zai sa mutum ya nuna waya da intanet da abokan aiki masu surutu, ya ce ga ɓarayin nan. Amma akwai adadi ɗaya a cikin binciken da ya sauya alƙiblar shari'ar. Kusan rabin katsewar da aka ƙirga, babu wanda ya katse mutumin. Waya ba ta yi ƙara ba, ba wanda ya yi sallama. Yana tsakiyar jimla sai ya tsaya don kansa ya buɗe wani abu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wani nazari da Laura Dabbish ta yi tare da su a 2011 ya ƙara nuna cewa wanda aka yawaita katsewa daga waje a wannan awar, a awa ta gaba shi zai riƙa katse kansa.

Wani zai ce, leƙa WhatsApp na sakan 20 me zai rage? Amsar tana wurin Sophie Leroy, wadda ta buga gwajinta a 2009 tana Jami'ar Minnesota. Ta ba mutane aiki na farko, wasu ta bari suka gama, wasu ta tsayar da su a tsakiya, sannan ta miƙa wa kowa aiki na biyu, na tantance takardun masu neman aiki. Waɗanda aka ɗauke daga aikin da bai ƙare ba su suka fi rauni a na biyun, domin wani ɓangare na hankalinsu yana can baya. Ludayin da aka tsamo daga miyar kuka aka tsoma a ta kuɓewa ba ya shiga hannu rabbana. Saƙon da ka leƙa ka ga ƙanenka na neman kuɗin mota, ka ajiye wayar ba ka amsa ba, ya zama aikin da bai ƙare ba, kuma zai bi ka cikin shafi uku masu zuwa. Babbar asarar a wannan ragowar take.

Saura tambaya mafi wuya. Me ke sa mutum mai hankali, wanda ya san jarrabawa saura mako, ya katse kansa? Lalaci ita ce amsar da iyaye da malamai suka fi bayarwa, kuma ina ganin an zalunci yara da yawa da wannan hukunci. Malalaci ba ya zama awa huɗu gaban littafi yana fama. Amsar da ta fi gamsar da ni daga birnin Berlin na shekarun 1920 ta fito. Ana ba da labarin cewa Kurt Lewin, malamin ilimin halayya, ya lura da wani mai kai abinci a gidan cin abinci da ke riƙe odar tebur guda a ka ba tare da rubutu ba, amma da zarar an biya kuɗi sai ya manta. Ɗalibarsa Bluma Zeigarnik ta mayar da abin gwaji: ta ba mutane ƙananan ayyuka wajen 20, rabi ta bari suka gama, rabi ta katse su a tsakiya. A sakamakon da ta buga a 1927, mutane sun fi tuna waɗanda aka katse. Shekara guda bayan haka wata ɗalibar Lewin, Maria Ovsiankina, ta nuna cewa in aka bar mutum ya sake, da kansa zai koma ga aikin da aka katse masa ko ba a ce ya koma ba. Masu binciken da suka biyo baya ba kullum suke samun abin da Zeigarnik ta samu game da tunawa ba, amma na Ovsiankina, wato jan da aiki marar ƙarewa ke yi wa mai shi, ya tsaya da ƙafarsa.

Yanzu dubi mai karatu a ɗakinsa. Ba shi kaɗai ba ne a ciki. Tare da shi akwai ta'aziyyar da bai je ba, da adashen da ranar zubinsa ta ƙarato, da maganin Inna da ya ce zai saya, da saƙon da ya karanta bai amsa ba. Kowannensu a buɗe yake, kuma da ɗaki ya yi shiru sai su fara ƙwanƙwasa. Haƙƙoƙi ne na gaske, shi ya sa korarsu ke da wuya. Zuciya na tunatar da shi ne don tsoron kada a manta. Sai ya ce bari in yi sauri in tura saƙon nan tun ina tune, ya ɗauki waya, sauran labarin kuwa kowa ya san shi. Ga kuma abin da na lura ba a cika faɗa ba: irin wannan tunani ya fi zuwa daidai inda karatu ya yi tsauri, domin a nan ne rai ke neman mafitar da ba za ta ba shi kunya ba.

In haka ne, ke nan sai mutum ya sauke duk abin da ke kansa kafin ya iya natsuwa, abin da ba zai taɓa yiwuwa ba. A 2011 E. J. Masicampo da Roy Baumeister na Jami'ar Jihar Florida suka buga binciken da ya kwance wannan ƙulli. Sun sa ɗalibai su tuno muhimman ayyukan da ba su gama ba, sannan suka ba su wani yanki na littafin labari su karanta. Kamar yadda aka zata, tunanin ayyukan ya riƙa kutsowa, fahimtar karatun ta ragu. Amma akwai rukunin da aka ce kafin su fara karatu su rubuta takamaiman shiri: yaushe za su yi aikin, a ina, ta yaya. Waɗannan ba su gama komai ba, ayyukansu na nan yadda suke, amma kutsen ya lafa, suka karanta kamar waɗanda ba abin da ke damunsu. Ashe ba lallai sai an kammala ba zuciya ke sakin magana. Tabbaci take so cewa an ajiye ta a inda ba za ta ɓata ba, an kuma sa mata lokaci.

Da wannan a hannu sai a koma ga abin da Cirillo ya rubuta da kansa, wanda ya fitar a 2006 bayan ya shafe shekaru yana koyar da tsarin, musamman ga masu rubuta manhajar kwamfuta. Wanda ya san Pomodoro a bakin mutane kawai zai yi mamakin ganin cewa agogon ɗan ƙaramin ɓangare ne na bayanin. Mafi yawansa a kan takarda da fensir yake. Da safe ka rubuta ayyukan yau, ka ƙiyasta zango nawa kowanne zai ci. Wanda zai wuce zango 5 zuwa 7 ka farfasa shi, ƙanana kuma ka haɗa su su cika zango guda. Ka murɗa agogo. In zangon ya cika lafiya, ka sa alamar X a gaban aikin. In kana ciki wani tunani ya taso, ko na kiran wani ne, ko yunwa, ko son duba labarai, ba za ka bi shi ba, ba kuma za ka tsaya kokawa da shi ba. Ka ɗiga 'yar alama a takardar, ka rubuta abin a ƙasa, ka ci gaba. Duka-duka 'yan sakanni. In wani ne ya katse ka daga waje, alamarsa daban, ɗan layi a kwance. Sannan ga doka mai tsauri: zango ba ya rabuwa, babu rabin zango. In ka tashi a minti na 20 ka bi wani abu, zangon ya rushe, ba a sa masa X, sai a sake daga farko.

To ga asirin, kuma tun 2006 yake a fili. Takardar ce ke yin abin da Masicampo da Baumeister suka auna shekara 5 bayan haka: tana karɓar tunanin da ya ƙwanƙwasa ta adana shi. Agogon kuma shi ke sa a gaskata takardar. In ka ce wa zuciyarka sai an jima, ba za ta yarda ba, don ta san an jiman naka. In ka ce mata saura minti 14, ga shi kuma tana jin ƙas-ƙas ɗin, sai ta haƙura. A nan ne sawun da muka riƙe daga Maastricht ya shigo: tambayar in tashi ko in zauna an amsa ta tun lokacin da aka murɗa, ba sai an sake amsa ta kowane minti ba. Dokar rashin rabuwa kuma ta sa wa leƙen sakan 20 farashin da ido ke gani, domin wanda ya kai minti na 18 ba ya son ya zubar da su saboda saƙo ɗaya. Akwai ƙari guda da duk mai ɗaga aiki zuwa gobe ya sani. Kundin digiri abu ne mai firgitarwa da ba a san ta inda za a kama shi ba, amma ba wanda zai ce minti 25 ya fi ƙarfinsa. Da an fara kuwa, aikin ya shiga sahun abubuwan da ba a gama ba, sai jan da Ovsiankina ta gani ya koma yana jawo ka zuwa tebur.

In wannan bayani gaskiya ne, ya kamata a samu takarda a wurin Trollope ma. Akwai ta kuwa. Duk littafin da zai fara, sai ya tanadi ɗan kundi ya raba shi mako-mako har zuwa ranar da ya yanka wa kansa ta gamawa, kullum ya shigar da adadin shafukan da ya rubuta, kowane shafi kalma 250. Yawanci shafi 40 yake nema a mako, in ya yi sakaci giɓin zai fito a lissafi. Takardarsa ba ta tara tunani mai kutse kamar ta Cirillo, amma ta yi ɗaya aikin, na mayar da ƙoƙari abin ƙirgawa, yadda mutum ba zai yaudari kansa da cewa ai na yini ina aiki ba. Maganin katsewa kuwa ta wata hanyar ya samo shi: ƙarfe 5:30 na asuba ba mai neman sa.

Yanzu an gane abin da ya samu masu manhaja. Sun ɗauki tumatir sun bar takarda. Agogo na tafiya, tunani ya taso, babu inda za a ajiye shi, sai ya yi ta ƙwanƙwasa har a buɗe masa. Abin da ya fi muni, agogon yana zaune ne a cikin wayar, inda katsewar ta fi fitowa. Kana ɗaga ta don ka ga minti nawa ya rage, sai ka ga saƙonni na jira. Ko ba ka taɓa ta ba ma ba ka tsira ba: a 2015 Cary Stothart da abokan aikinsa, su ma a Jami'ar Jihar Florida, sun nuna cewa jin shigowar saƙo ko kira kawai, ba tare da an ɗaga ba, ya ƙara wa mutane kuskure a aikin da ke buƙatar natsuwa. Shi ya sa a ganina tsohon agogon tebur mai ƙararrawa ya fi kowace manhaja. In dole sai waya, a kashe data, a sa ƙararrawa, a ajiye ta inda sai an miƙe tsaye za a kai gare ta.

Saura rabin da ke zuwa daga waje, kuma a nan namu yanayin ya sha bamban da na mutumin Rum. Mu mutanen sallama ne da gaisuwa, kuma ba na cikin masu ganin hakan ci baya ne. Wanda ya tako ƙafa ya zo wurinka yana da haƙƙi. Shawarar Cirillo a kan wannan ta dace da mu fiye da yadda ake zato: ka sanar da mutum kana tsakiyar abu, ku tsayar da lokaci, ka rubuta, sannan ka cika. Ka amsa sallama, ka ce, “Yaya, don Allah ka ɗan zauna, minti goma zan fito.” In abokin aiki ne ya leƙo, “Malam, ina kan wani lissafi, da na gama zan same ka kafin azahar, in sha Allahu.” Ƙashin bayan abin shi ne cikawar. In mutane sun gwada ka sun ga minti gomanka minti goma ne, za su riƙa yi maka uzuri. In sun gane hanyar kora ce, ka ɓata zumunci kuma ba ka tsira da zangon ba. Akwai kuma kiran da ba a ce masa minti goma. In mahaifiya ta kira, ko maƙwabci ya zo da larura, “Na'am, ga ni nan” ce kawai amsa. Zangon ya rushe, in an dawo a murɗa sabo, ba tare da jin an yi laifi ba. Wanda gidansa ba ya rabuwa da jama'a gara ya nemi sa'o'in da ba a nemansa. Daga sallar asuba zuwa karin kumallo zango biyu ko uku sun shiga. Tsakanin azahar da la'asar ma akwai kusan awa 2, zango huɗu kuwa da gajerun hutunsu minti 115 ne.

Ba kowane aiki wannan tsari ya karɓa ba, kuma masu tallansa ba su cika faɗin haka ba. Ma'aikaciyar jinya a ɗakin haihuwa, da mai shago a Kantin Kwari, da uwa mai goyo, amsa kira shi ne aikin nasu. Ba su da ikon cewa a jira ƙararrawa. Akwai kuma lokacin da mutum ya nutse a rubutu ko lissafi har ƙararrawar ita kanta ta zama mai katsewa. Cirillo ya ce a tsaya ko da saura ƙiris. A nan na ɗan saɓa masa: in aikin mai nutso ne, a tsawaita zangon zuwa minti 45 ko 50, muddin an yanke tsawon kafin a murɗa, ba a tsakiya ba. In ƙararrawa ta buga kana tsakiyar tunani, ka rubuta layi ɗaya na inda ka tsaya da abin da za ka yi in ka dawo. Leroy da Theresa Glomb sun gwada irin wannan gajeren rubutu a binciken da suka buga a 2018, suka ga yana rage ragowar da ke bin mutum zuwa abu na gaba. Hutun kuma a yi shi da ƙafa: a miƙe, a sha ruwa, a leƙa tsakar gida. Wanda ya yi hutunsa na minti 5 a Facebook ko TikTok zai dawo tebur da sababbin maganganu buɗaɗɗu fiye da waɗanda ya tashi da su.

Mai karatu, ba sai ka yarda da ni ko da Cirillo ba, tunda gwajin ba ya cin ko sisi. Gobe ka zaɓi aiki ɗaya da ka daɗe kana ɗagawa, ka rubuta sunansa a saman takarda. Ka kai waya wani ɗaki, ka sa agogo. Duk lokacin da ranka ya ce tashi, ka ɗiga alama ka rubuta abin da ya kira ka. Duk lokacin da wani ya kira ka, ka ja ɗan layi. Da yamma ka bi jerin ka sauke wa kowa haƙƙinsa, sannan ka ƙirga ɗigo, ka ƙirga layi. In layuka suka fi yawa, ka sauya lokaci ko wurin zama, ka kuma yi magana da mutanen gida. In ɗigo ya fi yawa, ka rage zangon zuwa minti 10 ko 15, ka riƙa ƙarawa a hankali har hannunka ya saba da zuwa ga fensir kafin waya.